Daga Hannun Madugu Zuwa Teburin Magajin Gari: Wa Ke Riƙe da Masu Fasaharmu a Paraku da Zugu?



Ni magatakarda ne ga ɗaya daga cikin dattawan Hausawa a nan Paraku, a arewacin Jamhuriyar Benin, kuma mazaunina unguwar Kpébié, tsohuwar unguwar Bargawa wadda ta karɓi baƙi tun kaka da kakanni. Aikina rubuta wasiƙu ne da adana takardun jama'a. A cikin wannan aiki ne wata rana wani tsohon makaɗin kalangu ya yi mini sallama, ya zauna a bakin tabarma, ya ce: “Ɗana, an ce hukuma na da kuɗin da take ba masu kiɗa. Ina so ka rubuta mini takarda.” Na ce: “To, Baba, bari in binciko abin da ake nema.” Da na komo daga wani ofishi sai na karanta masa sharuɗɗan: ƙungiya mai rajista, asusun banki, lambar haraji, da bayanin aiki a rubuce cikin Faransanci tare da lissafin abin da za a kashe. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can sai ya ce: “To a cikin duk waɗannan, wa zan yi wa kirari?”

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta kwana da ni. Wannan tsoho ya tashi a duniyar da mai kyauta yake da fuska da suna da asali, ya tsufa a duniyar da mai kyauta takarda ce. Yadda aka yi wannan sauyi shi nake so mu bi sawunsa yau, domin wanda bai san inda igiya ta tsinke ba, ba zai san inda zai ƙulla ta ba.

Paraku da Djougou, wadda mutanenmu ke kira Zugu, garuruwa ne da fatauci ya raya. Tsakaninsu tafiyar kimanin kilomita 135 ce, kuma dukansu suna kan tsohuwar hanyar Gwanja, wadda ayarin fatake ke bi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Zugu, sa'an nan su nufi Salaga. Suna tafiya da kanwa da tufafin rini da kayan dukanci, su komo da goro. Bature mai yawon bincike Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ya rubuta cewa mutanen cikinsa sun haura 1,000. A Paraku akwai sarki mai laƙabin Akpaki, akwai kuma shugaban unguwar Musulmi 'yan kasuwa. A Zugu fadar sarki tana Kilir, 'yan kasuwa kuma suna unguwar Wangara. Harshen kasuwa a garuruwan biyu Dandanci ne, Hausa kuma tana biye da shi a zango.

A wancan zamani mai fasaha yana da iyayen gida iri uku. Na farko sarki. Sarakunan Bargu, waɗanda ake kira Wasangari, darajarsu tana a kyauta: basaraken da ya tara bai rabar ba, ba ya samun mabiya. Suna da maroƙan fada masu riƙe da tarihin zuriya, da masu busa kakaki, wanda Bargawa ke kira kankangi. Bikin Gani na Nikki, da ake yi cikin watan Mauludi, shi ne babbar ranar wannan ciyarwa, kuma Zugu ma tana yin nata. Na biyu madugu da attajiri da fatoma mai saukar da baƙi, waɗanda ke sayen aikin baduku da marini da mai ɗinkin riga, su yi wa maroƙi kyautar da za a kai labarinta har Gwanja. Na uku kuwa sana'a ce da kanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Makaɗin mahauta ba ya sayen nama, domin rabonsa yana nan a kowace rumfa.

Kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Dukiyar da ake kyautar da ita, wani ɓangarenta daga kuɗin da ake karɓa a hannun fatake ne, wani daga hari da cinikin bayi. Maroƙi kuma bara ne, ana jin daɗin bakinsa ana ƙin ba shi 'ya. Amma tsarin yana da abu guda da ya kamata mu lura da shi: yana ciyar da mai fasaha shekara duka, yana kuma ciyar da yaron da ke koyo a bayansa. Uban gida ya san makaɗinsa, ya san ɗan makaɗin, ya san cewa idan tsohon ya kwanta dama yaron ne zai ɗauki gangar.

Wannan gini ya fara tsagewa a ƙarshen ƙarni na 19. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya da sarki, a 1898 kuma ƙasashen biyu suka raba Bargu gida biyu: Bussa da Kayama a hannun Ingila, Nikki da Paraku a hannun Faransa. Tawayen Bio Guera na 1916 ya ƙare da kisansa. Daga nan sarki ya koma mai tara wa kwamanda haraji da ma'aikatan tilas, aikin da ba a soke shi ba sai a 1946. Goro ya koma bin teku da jirgin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1930 layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku, mai tsawon kilomita 438, ya mai da garin mashigar kayan Nijar. Arziki ya ƙaru, amma ya sauya hannu, ya koma wurin kamfani da ma'aikacin tasha da mai babbar mota.

Gwamnatin mallaka ta san da makaɗa, sai dai sanin da ta yi musu na ranar biki ne. Idan 14 ga Yuli ta zo, ko babban baƙo zai sauka, sai a aika wa sarki ya tara masu ganga da dawaki. A nan ne aka haifi al'adar da har yau ba mu rabu da ita ba, wato hukuma ta tuna da mai fasaha ranar da take bukatar taro, ta manta da shi washegari. Abin da Faransawa suka adana da gaske, kamar fadar Abomey da aka mai da gidan tarihi a shekarun 1940, yana kudu ne. Mu ma a tarihin zango muna da darasi a kan wannan. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi cikin 1934, yawancin rubuce-rubucensa na Hausa a kan tarihi da al'adu sun tsira ne saboda wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ya nemi ya rubuta masa su. Da wannan jami'i bai kasance mai sha'awar harshe ba, da Allah kaɗai ya san abin da zai rage. Abin da aka rataya a kan sha'awar mutum guda, yakan tafi ranar da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki.

Dahome ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960, shugabanta na farko kuma Hubert Maga, haifaffen Paraku. Shekaru 12 na farko juyin mulki ya cinye su, babu gwamnatin da ta zauna har ta yi tunanin makaɗa. Duk da haka a wannan tsakani ne kiɗan zamani ya yi fure a garinmu. Ƙungiyar Super Borgou ta Paraku, ƙarƙashin Moussa Mama, ta haɗa jita da kiɗan Bargawa da Dandawa, kamfanin faifai na Albarika Store kuma ya buga waƙoƙinta. Wanda ya ɗauki nauyinsu ɗan kasuwa ne da masu zuwa rawa, babu baitulmali a ciki. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wanda ya tattara waɗannan faya-fayai ya sake fito da su ga duniya a 2012 kamfani ne mai suna Analog Africa da ke Jamus. Kiɗan da aka yi a unguwanninmu, sai da baƙo ya zo ya kakkaɓe masa ƙura.

Ranar 26 ga Oktoba 1972 Mathieu Kérékou ya karɓi mulki, a 1974 ya shelanta aƙidar gurguzu, a 1975 aka sauya wa ƙasa suna zuwa Benin. Wannan ita ce gwamnatin farko da ta ɗauki al'ada a matsayin aikin hukuma. Ta ɗaukaka harsunan gida, ta shigar da wasanni da raye-raye cikin makarantu, kuma a zamaninta aka kafa ofishin kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa, BUBEDRA. Amma ta ba da hannun dama ta karɓe da na hagu. Ta yaƙi sarakunan gargajiya da sunan yaƙi da mulkin danniya, wato ta raunana tsohon uban gidan maroƙi, sa'an nan ta bukaci mawaƙi ya yabi juyin juya hali. Angélique Kidjo, wadda ta bar ƙasar zuwa Faransa a 1983, ta sha faɗin cewa ƙin zama bakin gwamnati yana cikin abin da ya fitar da ita. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan a zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariya da bikin matasa na ƙasa suka fito da mawaƙa da 'yan wasa masu yawa, amma a ƙarƙashin idon hukuma.

Taron ƙasa na Fabrairun 1990 ya kawo dimokuraɗiyya. A 1991 aka kafa dokar da ta shimfiɗa manufar ƙasa a kan al'adu, a shekarar kuma aka fara bikin wasan kwaikwayo na duniya, FITHEB. Aka kuma buɗe asusun taimaka wa al'adu. A zamanin Boni Yayi, wanda ya hau mulki a 2006, aka ɗaga kuɗin asusun zuwa sefa biliyan 1 a shekara, har ya zama abin da kowa ke kira biliyan ɗin al'ada, daga baya aka ƙara a kai. Kuɗi ne na gaske, kuma wasu sun amfana. Sai dai jaridun ƙasar sun cika da koke-koken masu fasaha a kan yadda ake rabon, kuma teburin rabon yana Kwatano. Wanda ke da ilimin lakwal da ɗan'uwa a birni ya fi kusa da shi fiye da mai goge a Zugu. Bayan 2016 gwamnatin Patrice Talon ta sake wa asusun fasali, ta karkata ga manyan ayyuka: dawo da kayan tarihi 26 na masarautar Abomey daga Faransa a Nuwamban 2021, gumakan tunawa a Kwatano, har da na Bio Guera a 2022, da aikin sabuwar fada da filin Gani a Nikki. Ayyuka ne masu ɗaga sunan ƙasa, ba kuma wanda zai raina su. Amma gini ba ya koya wa yaro ɗaure tsirkiyar kalangu.

Yanzu mu zo ga hukumar da ta fi kusa da mu. Ranar 15 ga Janairu 1999 aka sa hannu a dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, aka raba ƙasa zuwa 77. An yi zaɓen farko a ƙarshen 2002 da farkon 2003, Paraku kuma ta shiga cikin birane uku masu matsayi na musamman tare da Kwatano da Porto-Novo. Wannan doka ta faɗa a fili cewa raya harkokin al'adu da wasanni da na matasa aikin ƙaramar hukuma ne, cewa za ta taimaka wa ƙungiyoyin da ke yinsu da kayan aiki da kuɗi, kuma ita ce mai kare kayan gadon al'ada na yankinta. Ke nan tun fiye da shekara 20 da suka wuce doka ta maido da riƙon mai fasaha ƙofar gida, bayan ya yi kusan ƙarni guda yana hannun kwamanda da babban birni. Da yawa daga cikinmu ba su san da wannan ba, ni ma ban sani ba sai da tsohon nan ya sa na bincika.

To me ya sa ba a gani a ƙasa? Dalili na farko ƙarancin kuɗi ne. Ƙidayar 2013 ta nuna Paraku tana da mutum sama da 255,000, ƙaramar hukumar Zugu kuma sama da 267,000. Abin da ake tarawa daga harajin kasuwa da tasha da filaye ba ya isar bukatun wannan jama'a. Asusun FADeC, wanda gwamnati ta kafa a 2008 domin tura wa ƙananan hukumomi kuɗi, mafi yawansa ya tafi ne ga azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa da hanyoyi. Kansilan da aka ba zaɓi tsakanin rijiya da ganga zai zaɓi rijiya, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Dalili na biyu shi ne gadon zamanin kwamanda: ɗan abin da aka ware wa al'ada yakan ƙare a ranar biki, a hayar rumfa da kujeru da lasifika. Dalili na uku sabon tsari ne. Tun gyaran dokar da aka yi a ƙarshen 2021, sakataren zartarwa ne ke riƙe da kashe kuɗin ƙaramar hukuma, ba magajin gari ba, kuma ana binsa da bincike. An yi haka ne domin toshe ɓarna. Ma'anarsa ga mai fasaha ita ce, kyautar hannu da hannu ta ƙare. Abin da ba a rubuta cikin kasafi ba, ba zai fita ba.

Dalili na huɗu namu ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Mu mutanen zango ba mu rubuta masu fasaharmu ba. Hukuma tana ganin wanda ke cikin takarda ne kawai, mu kuwa muna da baduku da marini da magini da mai zayyanar allo da mai waƙen wa'azi cikin ajami, babu ɗayansu da ke cikin wani kundi. Wasunmu suna ɗaukar kansu baƙi ko da kakansu a nan aka binne shi, suna ganin ma'aikatar magajin gari ta wasu ce, alhali harajin da suke biya a kasuwar Arzeke yana cikin abin da ke tafiyar da ita. Wasu kuma suna ƙyamar maganar gaba ɗaya saboda saɓanin malamai a kan kiɗa. Wannan saɓani tsoho ne, ba ni ne zan yanke shi ba. Abin da zan ce kawai, fasaha ta fi kiɗa faɗi. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu, da mai yi masa gafaka, da mai ɗinka rigar liman, duk masu fasaha ne, kuma sana'arsu tana mutuwa kamar yadda ta makaɗi ke mutuwa.

Tarihin Hausa ya nuna cewa ɗan kuɗin hukuma, idan aka sa shi a gurbinsa, yana daɗewa. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta littattafan hira. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. An yi bukukuwa da yawa a shekarar nan, an ci an sha an watse, babu mai tuna su. Littattafan kuwa har yau ana karanta su, har a nan Paraku. Bambancin shi ne an kashe kuɗin a kan abin da zai wuce ga na baya.

Saboda haka ga abin da nake gani, kuma na gabatar da shi ga maigidana da sauran dattawa. Mu fara da rubuta sunayen masu sana'o'in gargajiya na unguwanninmu, da abin da kowa ya iya, da wanda ya koya masa, da ko yana da mai koyo a hannunsa. Na sayi littafi na soma, kuma abin da ya tsorata ni shi ne yawan gurbin da na bari babu komai a layin masu koyo. Bayan haka su haɗu a ƙungiya guda mai rajista da asusu, 'ya'yanmu da suka yi karatu a jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, su riƙe musu alƙalami. Zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin raya ƙasa na shekaru biyar da ake tattaunawa kafin a amince da shi. A nan ake shigar da bukata, ba ranar da aka riga aka kafa rumfa ba. Idan mun je kuma, kada mu roƙi biki. Mu nemi ɗan alawus na wata-wata ga tsohon da ya karɓi yaro yana koya masa, da rumfa a kasuwa ga masu aikin hannu, da ɗaukar muryoyin tsofaffi a ajiye kwafinsu a gidan tarihin garin. Zugu tana da ƙawance da birnin Évreux na Faransa tun 1989, kuma irin wannan ƙofa ma ana iya ƙwanƙwasa ta idan akwai takarda a hannu. Attajiranmu kuma su tuna cewa su ne magadan madugai. Hukuma takan fi sauraron wanda ya zo da rabin kuɗin aikinsa.

Tsohon makaɗin nan yana raye, sai dai hannunsa ya fara rawa. Ɗansa yana tuƙa zem, domin babur yana kawo cefane kullum, kalangu kuwa sai ranar suna ko aure, su ma yanzu lasifika ta karɓe. Amma akwai jikansa, yaro ɗan shekara goma sha, wanda na gani yana ɗaukar kalangun a ɓoye idan kakan ya yi barci. Da na koma na ba tsohon amsar tambayarsa, na ce: “Baba, wannan uban gidan ba ya jin kirari, sai dai a rubuta masa.” Ya ce: “To rubuta, ɗana. Ka sa sunan yaron a ƙarƙashin nawa.” Na rubuta, kuma shi ne layi na farko da na cike gurbinsa duka biyu.

'Yan'uwa na Zugu da Kandi da Malanville, da na sauran zangogi a Togo da Gana, ina roƙon kowa ya duba unguwarsu ya ƙirga tsofaffin da suka rage da sana'a a hannu, ya rubuta su tun suna iya ba da labari da bakinsu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa na baya albarka, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.